Dubu ashirin, kwana talatin: amsa ga ɗalibin harhaɗa magunguna a Samaru

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji uku, ina karatun harhaɗa magunguna a nan Zariya. Ni ne babba a gidanmu, mu shida. Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya, yanzu sai ɗan noma, Inna kuma tana suyar ƙosai da safe. Na samu bashin karatu na gwamnati, an biya mini kuɗin makaranta, kuma ana turo mini naira 20,000 a wata. A gida sun ɗauka alawus ne gwamnati ta yanka mini, don ban taɓa gaya musu cewa bashi ne ba. Duk wata ina tura wa Inna 5,000, ragowar kuma ba ta kai ni ashirin ga wata. Mu uku ne a ɗakin haya a Samaru, duk abin da na dafa tare muke ci, kunya ta hana ni magana. Kwanaki na karɓi 15,000 a wata manhajar ba da bashi ta waya, aka ce in biya 21,000 cikin mako biyu. Da wa'adi ya cika sai na ci na wata manhajar na biya ta farko, yanzu ana bi na 28,000. Wani abokina ya ce in sari magunguna in riƙa sayar wa 'yan unguwa tunda fannina ne. Sau biyu jiri yana ɗiba ta a ɗakin gwaje-gwaje saboda ban karya ba, kuma na faɗi gwaji ɗaya a wannan zangon. Malam, ko in jingine karatun na shekara ɗaya in nemi kuɗi?

Ɗanka, daga Samaru

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da tausayin mahaifiyarka. Yaron da zai kwana da yunwa don ya tura wa uwarsa dubu biyar ba almubazzari ba ne, saboda haka ka sauke wa kanka wannan zargin tukuna, mu zauna mu yi lissafi.

Ka raba 20,000 gida talatin, za ka samu kimanin naira 666 a rana. In ka cire dubu biyar ɗin Inna, saura 500 a rana, kuma a cikinta ake so a fitar da abincin mutum uku, da gas, da data, da fotokofi, da sabulu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne, ka ga abin da kake karɓa bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. An tsara kuɗin ne don ya tallafi cikin ɗalibi guda ɗaya, kai kuma ka ɗora masa gida da ɗaki. Duk sauran abubuwan da ka lissafa, har da jirin da gwajin da ka faɗi, daga nan suka samo asali.

Amma wutar da ke ci yanzu ita ce ta manhajar nan, ita za mu fara kashewa. Dubu shida a kan dubu goma sha biyar kashi 40 cikin ɗari ke nan, a mako biyu kacal. Babu sana'ar ɗalibi da ke kawo ribar da za ta rufe wannan, shi ya sa duk wanda ya ci bashin wata manhaja don biyan wata yake ƙara nutsewa. Daga yau ka yanke wa kanka hukunci: babu ta uku, ko da sun turo saƙon an ƙara maka adadin da za ka iya karɓa. Ka samu takarda ka rubuta ainihin abin da ya shiga asusunka, da abin da suke nema, da ranar wa'adi, da tarar da suke ƙarawa kowace rana. Sannan ka nemi mutum ɗaya, kawu ko baffa ko wani babba da ke ganin mutuncinka, ka nuna masa takardar, ka roƙi ya ranta maka 28,000 babu ruwa ka rufe bashin gaba ɗaya, kai kuma ka riƙa mayar masa 5,000 duk wata. Wata shida zai ɗauke ka. Dubu biyar ɗin kuwa ita ce wadda kake turawa gida, za mu zo kan wannan. In babu ɗan uwa mai hali, kwamitin walwala na masallacin da kake salla ko na ƙungiyar ɗaliban garinku wuri ne da ya dace ka je, kuma ka je da takardar a hannu, don mutane sun fi saurin taimakon wanda ya zo da lissafi a rubuce.

Abu biyu ka sani game da waɗannan manhajojin. Akwai waɗanda ke kwashe lambobin da ke wayarka tun ranar da ka amince musu, kuma wasu sukan tura wa dangi da abokai saƙon cin mutunci in an yi jinkiri. Gara iyayenka su ji daga bakinka kafin su ji daga baƙuwar lamba. Sannan in ka ba su bayanan katin bankin da kuɗin watanka ke shiga, suna iya cire nasu da kansu a ranar da alat ya shigo, ka wayi gari babu na cefane. Ka je bankinka ka tambaya ko akwai irin wannan umarnin cirewa a kan asusunka don ka san inda ka tsaya. Bashin da ka ci wajibi ne ka biya, amma barazana da tozarci ba haƙƙinsu ba ne. In sun fara, ka ɗauki hoton saƙonnin ka kai ƙorafi ga FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda ita ke sa ido a kan masu ba da bashi ta waya. Ranar da ka gama biya ka karɓi shaidar an rufe bashin, ka goge manhajar.

Maganar abokinka kuwa, ina ganin da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma kada ka kusance ta. Sayar da magani a Najeriya sai da lasisin hukumar PCN, mai kula da sana'ar harhaɗa magunguna, ko na kantin magani mai rajista ko na ƙaramin kemis, kuma ɗalibi a ɗakin haya ba shi da ko ɗaya. Ita wannan hukumar ce za ta rantsar da kai ranar da ka gama, ita za ta ba ka lasisin aiki. Ka san yadda abin ke tafiya a unguwa: yau farasitamol ne da maganin maleriya, gobe wani ya zo neman maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyu, jibi matasa su fara tambayar tiramadol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigowa da shi da sarrafa shi tun 2018. Daga nan kuma zance ya koma hannun NDLEA. Ko da ba a kama ka ba, maganin da ya yi wata biyu a ɗaki mai rufin kwano cikin zafin Afrilu kai ka fi abokinka sanin abin da ya same shi. Ka gode masa, ka ce a'a.

Yanzu mu zo gida, inda na fi so mu daɗe. Ɓoye wa iyayenka cewa bashi ne shi ya fi komai cutar da kai. Inna tana karɓar dubu biyar tana sa maka albarka, a zatonta rarar alawus ce. Da ta san kuɗin aro ne da za a cire daga albashinka nan gaba, kuma saboda shi ɗanta ke tsayuwar awa uku a ɗakin gwaji da wofin ciki, ina da yaƙinin hannunta ba zai iya karɓa ba. Ɓoyewar da ka yi ta hana ta damar yanke wannan shawarar da kanta. Baba kuma malami ne, ya yi shekaru yana jiran albashi yana raba shi gida-gida. In akwai wanda zai gane lissafin naira 666 a rana, to shi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka je gida da ƙafarka a ƙarshen mako, kada ka yi ta waya. Ka fara da Baba, bayan sallar isha, ku biyu. Ka ce masa: “Baba, kuɗin nan da ake turo mini bashi ne, na ji nauyin faɗa muku, kuma na yi kuskure na ci wani bashin a waya.” Tambayar farko da zai yi ita ce ko akwai ruwa a ciki, ta biyu kuma ko za a zo a kama shi ko gonarsa. Ka riƙe amsoshin da kyau. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun 2024, wadda NELFUND, asusun da ke ba ku wannan bashin karatu, ke aiki da ita, ta sa bashin ba shi da kuɗin ruwa, kuma ta cire sharaɗin kawo mai tsayawa da ke cikin dokar farko. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, kuma kashi 10 cikin ɗari na albashi ake cirewa. A fanninka, bayan kammala jami'a akwai shekara guda ta horon sanin makamar aiki, sannan shekarar bautar ƙasa, sannan waɗancan biyun. Ke nan shekara huɗu bayan fitarka daga jami'a kafin a nemi sisi. Wannan zai kwantar masa da hankali. Amma ka gaya masa ɗaya ɓangaren ma: dubu ashirin sau goma sha biyu 240,000 ne, ban da kuɗin makaranta, kuma duk shekarar da ka sake nema ƙaruwa yake yi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai ya kamata mai shi ya san tsawon nasa. Ka buɗe shafi a littafi ka riƙa rubuta duk abin da aka biya a madadinka.

Abin da za ka roƙa a gida ba kuɗi ba ne, abinci ne. Baba yana noma, kuma a kaka tiya biyu ta wake, da tsakin masara, da garin tuwo, da ɗan gero ba za su girgiza rumbu ba, alhali a Samaru su ne rabin kuɗin watanka. Inna tana da busasshiyar kuɓewa, da kuka, da daddawa, da yaji, da ƙuli-ƙuli. Uwa takan fi jin daɗin ɗaure wa ɗanta ƙunshin kayan miya fiye da karɓar alat daga gare shi. In zuciyarka ba za ta natsu ba sai ka ba ta wani abu, to ka bari sai ka gama biyan kawunka, sannan ka riƙa yi mata alheri daga kuɗin guminka, kada ka taɓa na bashin.

Abokan ɗakinka ma ina zaton ba mugunta ba ce. Sun ga tukunya tana hawa, babu wanda ya ce komai, sai abin ya zama al'ada; wataƙila ma su nasu halin ya fi naka tsanani. Kada ka fara ɓoye abinci a akwati, wannan gaba yake haifarwa. Ka tara su ka ce kuɗinka ba ya kai wata, kana so ku yi tukunya ɗaya ta gaskiya: kowa ya kawo adadi ɗaya a farkon wata, kuɗi ko hatsi, a rubuta a takarda a manna a bango, a raba ranakun girki, gas kuma a yi karo-karo. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo awo daga gida. Girkin mutum uku a tukunya ɗaya ya fi na mutum uku daban-daban sauƙin gas nesa ba kusa ba. In suka ƙi, to ka yi musu bayani cikin mutunci cewa daga yau kowa tasa ta fisshe shi, kuma in zangon karatu mai zuwa ya zo ka nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai na cikin makaranta tun ranar da aka buɗe rajista. Kuɗinsa bai kai na haya ba, ga ruwa da wuta, ga shi ba ka buƙatar abin hawa zuwa aji.

Ga yadda nake ganin za ka raba kuɗin a watanni shida masu zuwa, kuma ka yi rabon a ranar da ya shigo, kafin ka taɓa ko naira ɗaya. Dubu biyar ta mai bin ka bashi, ka tura nan take. Dubu shida ka shiga kasuwar Samaru ka sayi abin da ba ya lalacewa kuma ba a kawo maka daga gida ba: shinkafar gida, garin rogo, man gyaɗa ko manja, gishiri, dunƙule. Dubu uku ka canza ta zuwa takardun kuɗi ka raba gida huɗu, 750 kowane mako, na tattasai da albasa da ganye. Dubu biyu rabonka na gas, dubu ɗaya da rabi data, dubu ɗaya da rabi fotokofi da littattafan gwaji, dubu ɗaya sabulu da omo da aski. Farashi yana motsi, saboda haka ka gyara lambobin yadda kasuwa ta nuna maka, amma tsarin ya tsaya. Na san a matse yake ƙwarai, kuma ba zai yiwu ba sai da awon gida. Dalilin da ya sa na ce ka riƙe kuɗin cefane a hannu shi ne, cire dubu ɗaya-ɗaya a wurin mai POS yana cinye kuɗin caji da in ka tara a wata ya isa cefanen mako guda. In ka gama biyan kawunka, dubu biyar ɗin nan ka raba ta: uku ta koma abinci, biyu ta shiga ajiya a wani asusu da ba ka yawo da katinsa. Kuɗin wata ba lallai ya shigo rana ɗaya kullum ba, kuma wannan ajiyar ce za ta hana ka komawa manhaja in ya yi jinkiri.

A girki, wake shi ne gatanka. Ka jiƙa shi tun dare, zai dahu da wuri ya rage maka gas. Garau-garau da mai da yaji, faten tsaki da yakuwa ko alayyafo wanda duk Bazazzagi ya san ƙarfinsa, dankalin Hausa a lokacinsa, kwaɗon zogale da ƙuli, awara in ana son canji, duk sun fi taliyar leda riƙe ciki kuma sun fi ta araha. Ka zuba waken da aka kawo maka a busasshiyar jarka mai murfi, ka cika ta har baki ka ɗaure tam, rashin iska zai kashe ƙwarin. Kada ka bari kowa ya zuba masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari. Kai da ke karanta yadda guba ke aiki a jiki ka san dalili. Ranar da kake da gwaji a ɗakin gwaje-gwaje kuwa, karin kumallo dole ne, ko da ɗumamen tuwo ne ko koko da ƙosai. Mai riƙe da kwalbar asid bai kamata jiri ya ɗebe shi ba. In jirin ya ci gaba bayan ka gyara cin abinci, ka je asibitin makaranta a duba jininka. Akwai inshorar lafiyar ɗalibai a cikin kuɗin rajistar da aka biya maka. Kuma kada ka riƙa danne ciwon kai da ibuprofen ko diclofenac a kan wofin ciki, ka san abin da suke yi wa bangon ciki.

Karatunku yana da kashe-kashen da ake iya hangowa tun daga nesa. Manyan littattafai ba sai ka saya ba, Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, babban ɗakin karatun jami'arku, yana nan, kuma 'yan ajin gaba sukan bar wa na baya takardunsu da tsofaffin tambayoyi in an nema da ladabi. Ku haɗu ku huɗu ku buga kwafi ɗaya, sauran ku karanta a waya. Abin da ke tafe ya fi tsada: zirga-zirga zuwa asibitin koyarwa na Shika in kun fara zagayen marasa lafiya, da binciken shekarar ƙarshe mai cin kuɗin sinadarai da dabbobin gwaji da buga kundi, sannan kuɗin rantsarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tambayi biyu daga cikin 'yan ajin ƙarshe nawa suka kashe, ka rubuta, ka sanar da Baba tun yanzu don a ware buhu ɗaya a kakar da ta dace. In lokacin zaɓen batun bincike ya yi, ka gaya wa malamin da zai duba ka halin aljihunka. Akwai batutuwa a ɓangaren kula da marasa lafiya da ake yi da takardar tambayoyi, ba sa cin kuɗi kamar na ɗakin gwaji.

Ka kula da takardun bashin ma. Ana sabunta nema ne kowace shekarar karatu, saboda haka ka riƙa leƙa shafin asusun, ka tabbata sunanka a NIN da BVN da rajistar makaranta iri ɗaya ne harafi da harafi, don saɓanin suna yana riƙe kuɗi. In ya taɓa faruwa ka biya kuɗin rajista da kanka sannan asusun ya biya makaranta, kana da haƙƙin a mayar maka da naka, don haka ka adana kowane rasit. Kuma ka nemi tallafin da ba a biya: hukumar ba da tallafin karatu ta jiharku, da ta tarayya. Ka ajiye takardar shaidar ƙaramar hukuma da sakamakonka a waya don kada sanarwa ta fito kana neman takardu.

Neman kuɗi na halal yana nan, amma da awo. Ɗan aji uku a fanninka ya iya kimiyyar sinadarai da ta halittu fiye da abin da ɗan sakandare mai shirin WAEC ko JAMB ke buƙata, kuma a Samaru da Palladan da Hanwa akwai iyaye masu neman mai koyar da 'ya'yansu a gida. Ka ɗauki gida ɗaya, yamma biyu a mako ko safiyar Asabar da Lahadi, ku yi yarjejeniyar kuɗi tun farko, ka kuma gaya musu za ka dakata mako uku kafin jarrabawa. A dogon hutu ka nemi kantin magani mai rajista a Sabon Gari ko Tudun Wada ka yi aiki ƙarƙashin mai lasisi. Ko abin da za a ba ka kaɗan ne, ilimin da za ka kwasa zai yi maka amfani a aji huɗu.

Jingine karatu kuwa ban goyi baya ba a yanzu. Ranar da ka daina zama ɗalibi mai rajista, kuɗin watan ya tsaya, kuma aikin da za ka samu babu shaidar digiri da wuya ya bar maka rarar da za ka dawo da ita. Ka kuma tura shekarar horonka, wadda ake biyan albashi a cikinta, gaba da shekara guda, kuma ita ce shekarar da Inna za ta fara hutawa da gaske. Gwaji ɗaya da ka faɗi ana gyara shi a jarrabawa. Ka je wurin malamin da ke kula da ajinku a wannan makon, ka gaya masa abin da ya faru, ka tambayi makin da kake buƙata a darasin. In bayan duk wannan wata larura ta tilasta maka tsayawa, ka yi ta a rubuce ta hannun sashenku da tsangaya, kuma kada ka bar Zariya sai takardar amincewa tana hannunka, don wanda ya ɓace babu izini yana iya dawowa ya tarar an cire sunansa.

Wannan Juma'ar ka shiga mota ka je ka ga Baba, da takardar lissafin a aljihunka. In wata biyu sun wuce ka sake rubuto mini, ka faɗa mini nawa ya rage na kawunka da kuma ranar da awo ya ƙare, mu duba inda za a gyara. Allah ya buɗa maka, ya sa ka gama lafiya.